Bugun Zuciyar Jariri Lokacin Naƙuda: Kunne Muke Buƙata Ko Na'ura?

Gabatarwa

Hausawa kan ce haihuwa yaƙin mata, kuma ba su faɗi haka a banza ba. To amma a wannan yaƙi mutum biyu ne a fagen daga, wato uwa da abin da ke cikinta. Ita uwa tana iya yin nishi, ta ce ga inda ke mata ciwo. Shi kuwa jariri ba shi da bakin faɗa, hanya mafi sauƙi ta sanin halin da yake ciki ita ce a saurari bugun zuciyarsa. A ra'ayina, sauraron nan a kan kari, da fahimtar abin da aka ji, da yi wa uwa bayani da harshenta, sun fi mana amfani a kan dogon burin sayo manyan na'urori. Zan kawo dalilaina, sa'an nan in nuna inda mu ɗaliban harshe muka shigo cikin maganar.

Me Ake Saurare?

Zuciyar babban mutum kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Ta jariri a ciki ta fi sauri, domin kuwa takan buga sau 110 zuwa 160. Duk lokacin da ciwon naƙuda ya taso, mahaifa kan matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, sai iskar da jariri ke samu ta ragu na ɗan lokaci. Lafiyayyen jariri yakan jure, kamar mai nutso a rafi da ya riƙe numfashi ya kuma taso.

A nan ne fassara ke shigowa. Idan bugun ya ɗan sauka tare da ciwon, ya kuma dawo da zarar ciwon ya lafa, galibi matsuwar kan jariri ce, ba abin tashin hankali ba ne. Idan yana faɗuwa ba zato ba tsammani, akan zargi danne igiyar cibiya. Wanda ya fi ba da tsoro shi ne bugun da ke sauka a makare, ya ƙi dawowa sai bayan ciwon ya wuce, kuma ya yi ta maimaituwa, domin alama ce ta cewa mabiyiya ta fara gazawa. Haka kuma, idan ya haura 160 ya tsaya a can, mai yiwuwa zazzaɓi ne ko ƙishirwa a jikin uwa. Ungozomar da ta san aikinta takan riƙe hannun uwa yayin da take saurare, don kada ta ƙirga bugun uwa a matsayin na ɗa.

Ƙaho Da Na'ura

A shekarar 1895 wani likita Bafaranshe mai suna Adolphe Pinard ya ƙera wani ɗan ƙaho mai kama da mazurari, wanda ake kifawa a cikin mace a kara kunne. Har yau shi ne a yawancin ɗakunan haihuwarmu. Daga baya aka samu ƙaramar na'urar hannu ta Doppler mai fitar da sautin kowa ya ji. A wajejen 1968 kuma aka fara sayar da babbar na'urar CTG, wadda ake ɗaura wa mace da ɗamara biyu, tana zana bugun jariri da ciwon naƙuda a kan takarda babu tsayawa.

Mutum zai zaci babbar na'ura ta gama magana. Sai ga shi wani nazari na ƙungiyar Cochrane da aka sabunta a 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje 13 a kan mata fiye da 37,000, ya nuna wani abu daban. Ɗaura wa mace CTG tun daga farkon naƙuda har ƙarshe ya rage jijjigar jarirai da kusan rabi, amma ba a ga ya rage mutuwarsu ba, sa'an nan ya ƙara yawan matan da ake yi wa tiyata. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mace lafiyayya da naƙuda ta zo mata da kanta, a riƙa sauraron jaririnta lokaci-lokaci da ƙaho ko Doppler: duk minti 15 zuwa 30 idan naƙuda ta kankama, duk minti 5 idan an kai ga yunƙuri. Kowane sauraro ya kai minti ɗaya, kuma a ci gaba da shi har bayan ciwon ya lafa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe na'ura. Mace mai hawan jini, ko mai zubar jini, ko wadda aka sa wa ruwan naƙuda, tana buƙatar sa ido na musamman, kuma a nan CTG tana da ranarta. Amma na'ura ba ta juya mace ta kwanta a ɓarin hagu, ba ta tsayar da ruwan naƙuda, ba ta kiran likita. Takardar da ta zana, in babu mai karantawa, daidai take da wasiƙar da ba a buɗe ba.

Halin Da Muke Ciki

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa jarirai kusan miliyan 2 ne suka zo babu rai a 2019, fiye da kashi 40 cikin 100 kuwa a lokacin naƙuda suka rasu. Nijeriya na cikin ƙasashe shida da suka kwashi kusan rabin adadin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 kacal na haihuwa aka yi a asibiti. Ke nan mafi yawan jariranmu babu wanda ya kara kunne ya ji su. A asibitin ma, ungozoma ɗaya mai kula da mata biyar ba za ta iya sauraro duk minti 15 ba, komai ƙwazonta. Saboda haka ina ganin kuɗin da za a zuba wa babbar na'ura guda, gara a ɗauki ƙarin ungozomomi, a horar da su, a ba kowace ƙaho da agogo da takardar rubuta abin da ta ji, a kuma tanadi motar kai mace babban asibiti.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Mu duba Bahaushiyar Sabo ta Ibadan ko ta Agege a Legas, wadda naƙuda ta kai ta asibitin da ake magana da Turanci ko Yarabanci. Likita ya ce bugu ya sauka, a shiga tiyata yanzu. Tafinta, wanda sau da yawa ɗan rakiya ne, sai ya ce, "Wai yaro ya gaji." A Hausa kuwa maganin gajiya hutu ne, saboda haka maigida na iya cewa a ɗan jira, alhali kowane minti na da hatsari. Da an ce, "Iska ba ta isar jaririn, in aka jinkirta ana iya rasa shi," da amsar ta canza. Kalma ɗaya ke nan tana iya jawo asarar rai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikinmu ne mu zauna da ungozomomi mu tace irin waɗannan kalmomi, mu gwada su a kan mata a wurin awo, mu ga wadda ake ganewa. Duk mai neman batun kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gida.

Kammalawa

Rai da ajali na Allah ne, amma an umarce mu da yin sababi. Ina kira ga mata su tambayi ungozoma, "Nawa kika ji?" ba tare da kunya ba, ga maza su kai iyalansu asibiti da wuri, ga hukuma ta ƙara ma'aikata, mu kuma ɗalibai mu samar da kalmomin da za a yi bayani da su. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.