Ban Da Yara: Shin Ya Dace A Keɓe Wa Manya Wuri A Mota Da Jirgi?

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ɗa na kowa ne. To amma a 'yan shekarun nan wata muhawara ta taso a wasu ƙasashe wadda take neman ta ƙaryata wannan karin magana, wato ko ya kamata a keɓe wasu kujeru a jiragen sama da na ƙasa, da wasu wurare irin su gidajen abinci, inda ba a yarda yaro ya shiga ba ko da iyayensa suna da kuɗin biya. 'Yan'uwana ɗalibai, na ga ya dace mu duba wannan batu tun kafin ya iso mana, domin kuwa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Jirgin ƙasa na zamani ya fara aiki tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan kuma a 2021, kuma da ma an raba taragunsu aji-aji gwargwadon aljihun mutum. Daga raba mutane bisa kuɗi zuwa raba su bisa shekaru, taki ɗaya ne. Ni dai a ganina bai dace a hana yaro shiga abin hawan jama'a ba, kuma ga dalilaina.

Inda Maganar Ta Samo Asali

Kamfanonin jiragen sama na nahiyar Asiya ne suka yi fice a wannan harka. A 2012 kamfanin Malaysia Airlines ya sanar da cewa yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba za su zauna a kujerun ƙaramin aji na benen sama na jirginsa ƙirar A380 ba. A 2013 kamfanin AirAsia X ya keɓe layuka na 7 zuwa na 14 ya kira su sashen shiru, haka shi ma kamfanin Scoot na Singafo ya yi nasa a shekarar. Kamfanin IndiGo na Indiya ya biyo baya a 2016. Shi kuwa kamfanin Japan Airlines, a 2019 ya ja hankalin duniya da wata dabara ta daban: idan za ka zaɓi kujera ta intanet sai ka ga alamar jariri a kan duk kujerar da aka kama wa ɗan ƙasa da shekara 2, domin ka nisanta idan ka so. A watan Nuwamban 2023 kamfanin Corendon ya buɗe sashen manya zalla, 'yan shekara 16 zuwa sama, a jirginsa da ke tashi daga Amsterdam zuwa tsibirin Curaçao, inda a lokacin mutum yake ƙara Yuro 45 a kan kuɗin tikiti.

A Koriya ta Kudu abin ya sauko daga sama ya shiga unguwa. A 2023 an ƙiyasta cewa gidajen abinci da na shan gahawa fiye da 500 ne suka liƙa alamar hana yara shiga, duk da cewa tun a 2017 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ta ce irin wannan hani wariya ce. A watan Mayun 2023 wata 'yar majalisa mai suna Yong Hye-in ta je majalisar dokokin ƙasar ɗauke da ɗanta wanda bai cika shekara 2 ba, ta yi kira da a kawar da waɗannan alamu. Abin lura shi ne, a wannan shekarar ce aka lissafa cewa matsakaicin abin da mace ɗaya take haifa a ƙasar bai wuce 0.72 ba, wato ƙasa da ɗa guda.

Hujjojin Masu Goyon Baya

Adalci ne mu saurari masu wannan ra'ayi, domin ba duka ba ne maƙiya yara. Hujjarsu ta farko ita ce hutu. Mutum ya biya kuɗi masu yawa, zai yi tafiyar awa 10, wataƙila ba shi da lafiya ko kuma aiki na jiransa da zarar ya sauka, sai ga jariri yana tsala kuka tun daga tashi har sauka. Duk wanda ya taɓa kwana a bas daga Legas zuwa Kano ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hujja ta biyu ita ce tsoron ɗaukar alhaki. Masu gidajen abinci da yawa a Koriya sun ce abin da ya sa suka hana yara shi ne idan yaro ya yi guje-guje ya ci karo da mai ɗauke da ruwan zafi, su kotu take ci tara. Hujja ta uku kuwa ita ce iyayen ma suna amfana, domin idan masu ƙorafi sun koma gefe guda, uwa ta huta da harara da tsaki.

Haka kuma wani zai ce ai ko a al'adar Bahaushe akwai wuraren da ba a barin yara. Idan manya za su yi magana a zaure sai a ce wa yaro tashi ka ba mu wuri. Ba a shiga ɗakin haihuwa da yaro, ba a kuma yi masa wasu zantuka a gabansa. Wannan gaskiya ne, sai dai mu lura da dalilin. A duk waɗannan wurare ana fitar da yaro ne domin a kare shi daga abin da bai kai ya ji ko ya gani ba. Irin wannan dalili ne ya sa ba a zaunar da yaro kusa da ƙofar gaggawa ta jirgin sama, ba a kuma barinsa ya shiga mashaya. Wannan hani ba ni da ja a kansa. Wanda nake ja da shi shi ne wanda ake yi domin a kare babba daga ganin yaro.

Dalilan Da Suka Sa Ban Yarda Ba

Na farko, mu da muke nazarin harshe ya kamata mu fi kowa lura da yadda ake gina doka da kalmomi. Mu ɗauki waɗannan jimloli biyu: "Ba a hayaniya a nan" da kuma "Ban da yara". Ta farko aiki ta hana, don haka ta hau kan kowa, da Alhaji mai waya da jariri mai kuka. Ta biyu kuwa mutum ta hana, ko ya yi laifi ko bai yi ba. Yarinya 'yar shekara 9 da ta zauna shiru da littafinta an kore ta, shi kuwa ƙaton da ke munshari ko yake ciniki da ƙarfi ta waya an bar shi. Dokar da ta hukunta mutum saboda ajin da ya faɗa a ciki, ba tare da duba abin da ya aikata ba, ita ce muke kira wariya idan aka yi wa tsoho ko gurgu ko ɗan wata ƙabila. Ban ga abin da ya sauya mata suna ba don an yi wa yaro.

Na biyu, mu tambayi kanmu gaskiya, wa ke hayaniya a motocinmu? Da zarar mota ta bar tasha sai mai tallar maganin basir ya miƙe, ya sauka mai wa'azi ya karɓa, direba ya saki kiɗa, kwandasta da fasinja su kaure da rigimar canji, ga wani can baya yana kallon bidiyo a waya ba tare da abin sa wa kunne ba. A cikin waɗannan duka jariri ne kaɗai ba da gangan yake yi ba. A jirgin sama ma kukan nasa yana da dalili. Akwai wata siririyar kafa da ta haɗa cikin kunne da maƙogwaro, wadda take daidaita matsin iska. A wurin jariri wannan kafa ƙarama ce, saboda haka idan jirgi zai sauka matsin iska ya sauya sai kunnensa ya yi ciwo. Babba zai yi hamma ko ya haɗiyi yawu ya samu sauƙi, shi kuwa jariri bai san wannan dabara ba, sai kuka.

Na uku, yaro ba ya tafiya shi kaɗai. Idan ka ce ban da yara, a zahiri cewa ka yi ban da mai goyo, kuma a ƙasarmu mafi yawan masu tafiya da yara mata ne. Mace ce za ta tashi daga Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas za ta je ganin gida, ɗaya a baya, ɗaya a cinya don ba ta da kuɗin kujera biyu. Idan aka rage kujerun da za ta iya zama, ita ce za ta daɗe a tasha, ita ce kuma za a tura can ƙuryar baya inda gargada ta fi yawa. Abin hawan jama'a ba wurin shaƙatawa ba ne da mutum zai ce idan an hana ni nan sai in tafi can. Da shi ake zuwa asibiti da makaranta da jana'iza.

Na huɗu, yanayinmu ya sha bamban da na Koriya. A Nijeriya fiye da mutum 4 cikin kowane 10 ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 5.3. Dokar da za ta ware yara a nan ta ware kusan rabin al'umma ke nan, idan aka haɗa da masu ɗauke da su. Bugu da ƙari, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta kuma kafa tata dokar haƙƙin yara a 2003, kuma dukansu sun ɗauki yaro a matsayin cikakken mutum mai haƙƙi tun yau, ba sai ya girma ba.

Na biyar, kuma wannan ya shafi fanninmu kai tsaye, a ina yaro yake koyon magana da mutane? Gaisuwa da ban haƙuri da sanin wanda ake ce wa Baba da wanda ake ce wa Yaya, da sanin lokacin da ake rage murya, duk a cikin jama'a ake tsintarsu. Yaran Hausawan da ke zaune a Kudu da yawa a kasuwa da mota suke kama Yarabanci ko Ibo, kamar yadda yaran Sabon Gari na Kano suke kama Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka ɓoye yaro daga jama'a har ya kai shekara 12, sa'an nan muka fito da shi muka ce ya nuna ladabin zaman mota, mun nemi girbi a gonar da ba mu shuka ba.

Mafita

Cewa ban yarda da hani ba, ba ya nufin mai son hutu ya haƙura kawai. Akwai ƙasashen da suka warware matsalar ba tare da korar kowa ba. A jiragen ƙasa masu sauri na Jamus akwai sashen shiru inda ba a amsa waya, akwai sashen iyali, akwai kuma ɗan ɗaki na masu ƙananan yara. A Suwizalan da Finlan wasu jiragen suna da tarago mai wurin wasa. Iyaye da kansu suke neman wurin domin ya fi musu daɗi, sai ka ga sauran taragun sun yi tsit ba tare da an kafa wa kowa doka ba. Har ila yau, a 2011 Jamus ta gyara dokarta ta hana gurɓata muhalli, ta ce hayaniyar yara daga makarantun renon yara da filayen wasa ba a lissafa ta cikin ƙara mai cutarwa.

Saboda haka shawarata ga hukumomin sufuri ita ce, idan za a keɓe tarago to a keɓe na shiru, dokar ta hau kan babba da yaro, a kuma keɓe na iyali mai fili da wurin sauya wa jariri ƙunzugu. A ɗakin karatu ma haka, a rubuta a yi shiru, duk wanda ya karya a fitar da shi komai furfurarsa.

Su ma iyaye akwai nasu nauyin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi abinci da ruwa da abin wasa marar ƙara, a shayar da jariri lokacin da jirgi zai tashi da lokacin da zai sauka domin haɗiya tana buɗe masa kunne. Yaron da yake dukan bayan kujerar wani a hana shi, a kuma ba mutumin haƙuri. Wanda yake son a ce ɗansa na kowa ne, to ya yarda idan wani ya tsawata masa da kyakkyawan lafazi. Da yawa daga cikin iyayen yanzu sun riƙe rabin karin maganar sun saki rabi, suna so a taya su ɗauka amma ba sa so a taya su gyara.

Kammalawa

A taƙaice, na yarda a hana yaro wurin da zai cutu, na yarda a hana hayaniya a inda ake bukatar natsuwa, amma ban yarda a hana yaro kujera a mota ko jirgi don kawai shi yaro ne ba. Mu ɗaliban harshe, gobe mu ne za a kawo wa irin waɗannan sanarwoyi mu fassara su zuwa Hausa a liƙa a tashoshi. Idan ranar ta zo, mu duba da kyau ko jimlar da aka ba mu aiki ta hana ko mutum, mu kuma faɗa wa mai ita bambancin. Ina maraba da duk wanda yake da wani ra'ayi daban, ya rubuto a fitowa ta gaba mu ƙaru da juna. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kuma kai matafiya gida lafiya.