Tawadar Kurtu Da Tawadar Inji: Nasiha Ga Malamai Da Fatake

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan magana ce a kan tawadar injin buga takarda, wanda ake kira firinta, da tsadarta, da iyakar kwananta, da abin da ya kamata a ba ta amana da abin da bai kamata ba.

Kowane almajiri ya san ba a kai ƙara saboda tawadar allo. Zuge ne da ƙaro da ruwa, a dama a zuba a kurtu, a fiƙe alƙalami, shi ke nan. In ta bushe a ɗiga ruwa ta farfaɗo. Ta takarda kuwa, wadda magabata suka riƙa haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera, ita ce ta riƙe littattafan da ke cikin gafakar malamai shekara ɗari da ɗoriya, ba su goge ba. To, yau ga shi zamani ya kawo wata tawada. A Dambatta da Bichi da Kunci da Makoɗa da Minjibir, da wuya a rasa shagon da ke buga wa jama'a takardar ɗaurin aure, da rasit, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da takardar cinikin gona. Har waɗansu makarantun Islamiyya da waɗansu attajirai sun sayi nasu injin daga Sabon Gari sun ajiye. Da yawa cikinsu kuwa sun yi da-na-sani, don sun tambayi kuɗin doki ba su tambayi kuɗin dawarsa ba.

Ga yadda al'amarin yake. Irin wannan inji mai fesa tawada ya soma shiga hannun jama'a a ƙasashen Turawa tun da kamfanin HP ya fito da nasa a 1984, Canon da Epson kuma suka fito da nasu. Dabarar cinikinsu ita ce a sayar da inji da araha, a ci riba a tawada. Tawadar tana cikin wani ɗan gida, watau kurtun injin, wanda masu shago ke ce wa katirij. Ƙaramin cikinsu abin da ke cikinsa bai cika cokalin shayi ba, kamfani kuma yakan ƙiyasta masa shafi wajen 120. Amma fa a lura, da siririn rubutun boko aka yi ƙiyasin. Rubutun ajami irin na Kano, mai kauri, mai wasali sama da ƙasa, ya fi shan tawada nesa, saboda haka mai buga shi ba zai ga wannan adadi ba.

Ɗan kasuwa ba ya sayen hatsi sai ya san kuɗin kwano. Haka nan kada a sayi inji sai an san kuɗin shafi. A ƙaddara, don misali kawai, an sayi sabon katirij naira 12,000 ya buga shafi 120. Kowane shafi ya tashi naira 100 ke nan, ban da takarda, ban da man janareta. A ƙaddara kuma an kai shi an ɗura masa tawada a naira 2,000 ya buga shafi 100. Shafi ya koma naira 20. Wannan ne ya sa ɗuri ya zama sana'a. Mai ɗuri yakan ɗebi tawada daga kwalba da sirinji, ya huda saman katirij, ya tsiyaya ta cikin soson da ke ciki.

Shin akwai laifi a cikin wannan? Babu. Abin da mutum ya saya da dukiyarsa ya zama mulkinsa, ya gyara ko ya cika yadda ya ga dama, tattali kuwa abin yabo ne a shari'a. Ko a Amurka, inda kamfanin Lexmark ya kai ƙarar masu sake cika katirij ɗinsa, kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci a 2017 cewa wanda ya sayar da kaya ba shi da ikon bin sa da haƙƙin ƙirƙira ya hana a sake amfani da shi. Ashe abin da malaman fiƙihu suka faɗa tun da daɗewa a babin ciniki, shi alƙalan can suka tarar.

Sai dai katirij ba kurtu ba ne da ɗa zai gada daga ubansa. A gindin na HP da na Canon akwai ƙofofi da yawa waɗanda suka fi gashin kai siranta, kowace da ɗan murhunta na lantarki. Murhun yakan tafasa tawada cikin ƙiftawar ido, ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo bisa takarda. Tawadar nan kuma ita ce ke sanyaya murhun. Kadan aka ci gaba da bugu bayan ta ƙare, murhun ya ƙone, kamar tukunyar da aka bari a wuta babu ruwa, daga nan ko kogi aka ɗura masa ba ya sake rubutu. Soson ma yakan gaji, ya riƙa zubar da tawada. Don haka ɗuri yana da iyaka. Wani katirij ya karɓa sau biyu ya mutu, wani ya jure fiye da haka in ya sami mai kula. Ƙasar nan kuma tana ƙara masa ciwo, gama zafin bazara da ƙurar hunturu suna busar da ƙofofin, rashin wuta kuma yakan sa inji ya yi mako biyu a rufe, a buɗe a tarar ya toshe. Maganin wannan kaɗan ne: a ɗura tun rubutu ya fara dusashewa, a buga ko shafi ɗaya ne kowane mako, a lulluɓe inji da ƙyalle, kada a gauraya tawada iri biyu.

Wanda aikinsa ke da yawa, gara ya daure ya sayi inji mai tanki, irin wanda Epson ya fara sayarwa a ƙasar Indunusiya a 2010, sauran kamfanoni suka biyo baya. Kuɗinsa na farko ya fi, amma kwalbar baƙar tawada mai mililita 65 ko 70 kamfani yakan ƙiyasta mata shafi 4,000 ko fiye. Wanda kuwa ba ya buga shafi goma a wata, ya bar sayen inji, ya kai shago, ya huta.

Yanzu ga muhimmiyar magana. Tsadar tawada ba a kuɗin shafi kaɗai take ba, har da yawan shekarun da za ta yi. Tawadar inji iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda ke narkewa a ruwa, ita ce mafi araha, ita kuma aka fi ɗurawa. Akwai ta gari, wadda ke zama bisa takarda, ta fi jure ruwa da rana. Ta rini in ɗigon damina ya faɗa mata sai ta malale, in ta daɗe a haske sai ta koɗe. A wannan yanki kuwa gona ta yi ƙaranci, iyaka na gogar iyaka, ana raba gado har taki-taki. Takardar sayen gona, da ta jingina, da ta rabon gado, da ta bashi, ana buƙatarsu ne ranar da shaidu suka tsufa ko suka ƙaura. Allah ya yi umarni da rubuta bashi a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a suratul Baƙara, domin a kawar da shakka. Ina amfanin rubutun da zai riga mai bashi mutuwa? Marayan da ya zo gaban alƙali da takardar da adadinta ya koɗe, an tsimi naira ɗari a kansa an tozarta masa gona. Irin waɗannan takardu a rubuta su da hannu da tawada mai kama takarda, ko a buga su da injin garin tona, irin na hoton takarda, wanda ke gasa rubutu ya manne. A yi kwafi biyu ko uku, a ajiye ɗaya wurin mai unguwa ko dagaci.

Sa'an nan gargaɗi biyu. Na farko ga masu shago: ɗuri halal ne, amma a ɗura tsohon katirij a sa shi cikin kwali a sayar da sunan sabo, wannan algus ne, ɗan'uwan jiƙaƙƙen hatsin da aka ɓoye a ƙasan tsibi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. A faɗi gaskiya, a rage kuɗi, albarka ta fi yawa. Na biyu ga malamai da almajirai: kada a kuskura a wanke ayar da inji ya buga a ba mutum ya sha. Tawadar allo gawayi ne da ƙaro. Ta inji kuwa rini ne da sinadarai waɗanda ba a yi su don cikin ɗan Adam ba. Kuma ba girmamawa ba ne a buga ayoyi da tawadar da za ta malale ta ɓata wasali, yaro ya karanta da kuskure.

Inji bawa ne mai sauri, a sa shi aikin yau da gobe, takardar gayyata da darasin mako. Abin da ake so ya kai ga jikoki kuwa, a nema masa tawadar da za ta kai. Allah ya sa a gane, ya tsare dukiyar marayu, ya sa albarka a kasuwa da makaranta. Wasalam.