Fiffiken da Yaya Ya Ɗaura wa Motarsa

Labarin yau daga ƙauyenmu na ɗauko shi, can arewa da Dambatta, kuma a hutun hunturun bara ya faro.

Yayana yana da wata tsohuwar Vectra da yake lodi da ita tsakanin Dambatta da Kano. Da ya sayar da gyaɗarsa bayan kaka, sai ya shiga Ƙofar Ruwa ya dawo da wani dogon abu na roba mai ƙafa biyu. Shi ne abin nan da kuke gani a kan but ɗin wasu motoci kamar fiffike, masu gyara suna ce masa sifoila. Kuɗinsa da na fenti da na ɗaurawa sun tasam ma kuɗin buhun gero. Baba ya zagaya shi ya ce, "To, yanzu tashi za ta riƙa yi?" Yaya ya ce, "A'a Baba, danne ta zai riƙa yi, ko na taka wuta ba za ta yi rawa ba." Sai ya juyo wajena, "Injiniya, ko ba haka ba?" Tun da na shiga jami'a sunana ke nan a gida, alhali aji biyu kawai nake.

Yaya bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ku yanko takarda siririya, ku riƙe bakinta a ƙasan leɓenku, ku hura iska ta samanta. Za ku ga ta ɗago maimakon ta faɗi. Mota ma samanta a lanƙwashe yake, ƙasanta a shafe, don haka idan gudu ya yi yawa iskar da ke bi ta kan rufi tana neman ɗaga ta, musamman ta baya, tayoyi su rage kama kwalta. Aikin sifoila shi ne ya wargaza tafiyar wannan iskar. Sunansa ma a Turanci daga kalmar "ɓatawa" aka samo shi. Masu tseren Formula 1 sun fara sa fukafukai a motocinsu a 1968, fiffiken jirgin sama ne aka kife domin ya danna maimakon ya ɗaga. Haka kuma motar Audi TT da ta fito a 1998, bayan wasu haɗurra da aka yi da ita a matsanancin gudu, sai da kamfanin ya kira motocin aka yi musu gyara, har da ƙara ɗan sifoila a baya. Ashe abin ba ado ba ne kawai a inda aka ƙirƙiro shi.

To amma a wane gudu? Nan ne darasin Fiziks ɗin da kuke yi wa hamma yake shigowa. Ƙarfin iska ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu zai ninku, in ka ninka sau uku, sau tara. Haka kuma yake zubewa in gudu ya ragu. Na ari tef ɗin tela na auna fiffiken Yaya: tsawo mita 1.2, faɗi santimita 15, wato murabba'in mita 0.18. Dokar hanya ta ƙayyade wa motar haya kilomita 80 a awa a babbar hanya, kusan mita 22 ke nan a daƙiƙa. Iska kuwa nauyinta wajen kilo 1.2 ne a kowace kubik mita. Ka ɗauki rabin 1.2, ka ninka da 22, ka sake ninkawa da 22, sannan da 0.18. Amsa ta ba ni kusan niyutin 52, wato nauyin kilo 5 da 'yan kai. Kwano biyu na gero! Wannan ma in an ƙaddara fiffiken yana aiki yadda ya kamata, alhali nasa ba don Vectra aka ƙera shi ba. Motar da ke ɗauke da mutum shida da buhu biyu a but, me kwano biyu zai ƙara mata? 'Yan aji biyar da shida, ku gwada lissafin da kilomita 160 ku ga abin da zai ba ku, sannan ku gaya mini inda za a yi wannan gudun tsakanin Dambatta da Kazaure ba a haɗu da amalanke ko garken tumaki ba.

Na nuna wa Yaya takardar. Ya ce boko ne. Muka tafi wajen mai fenti.

A nan kuwa ni aka koya wa karatu. Mai fentin dattijo ne, rumfarsa ta kwano a bakin hanya, ba ya yawan magana. Da Omo ya fara wanke robar, ya ce ko maiƙon hannu ya rage a jiki fenti zai ɓare. Ya bi ta da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi yana tsoma ta a ruwa, har sheƙin robar ya mutu. Ya fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, ya bari ya bushe, ya sake gogewa. Ni a zatona fenti shi ne aikin, ashe gugar ce ta cinye yini guda.

Wajen haɗa launi na so in nuna ilimi. Na ce masa ai kowace mota tana da lambar fentinta a jiki, a duba kawai a sayo. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, lambar tana gaya maka launin motar ranar da ta fito daga kamfani. Wannan ta sha ranar Kano shekara nawa?" Ya buɗe murfin tankin mai ya nuna mini cikinsa: ja ne jawur, jikin motar kuwa ya koɗe kamar tsohuwar dara. Da ido ya haɗa, yana ɗiga fari kaɗan-kaɗan, yana shafawa a gwangwani yana karawa da jikin motar a cikin rana. Bai yarda ya fesa da yamma ba saboda ƙurar hunturu. Washegari bayan asuba ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfar don ƙura ta kwanta, ya yi feshi siriri sau uku yana jira a tsakani, ya rufe da mai sheƙi. In ka zuba da kauri lokaci guda, in ji shi, fentin zai yi hawaye.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Yaransa biyu, sa'o'inku ne, suna tsaye cikin hayaƙin fentin ba komai a hancinsu, da aka gama sai aka sayo musu madarar gwangwani wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ba huhu ba. Sinadarin da ake zubawa don fentin mota ya ƙafe yana daga cikin sanannun abubuwan da ke jawo wa masu wannan sana'a ciwon asma, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, sai takunkumi na musamman. Na san a cikinku akwai masu zuwa gareji bayan an tashi daga makaranta. Sana'a ce mai kyau, ni kaina na yi sha'awarta, amma in ana feshi ba ku da takunkumin, ku koma ta inda iska ke busowa, ku yi nisa.

Kuskuren da aka yi wajen ɗaurawa ne, kuma na Yaya ne. Dattijon ya ce a bari zuwa gobe, a auna a yi alama, a huda, a shafa wa bakin hujin fenti, a sa roba kafin a ɗaure noti. Yaya yana sauri ya kama lodin kasuwa, ya kai wa wani yaro mai walda. Hujin farko suka karkace da faɗin yatsa, aka sake wasu a gefensu. Huji huɗu ke nan a murfin but, biyu a banza, duk ƙarfen tsirara.

Duk rani ba abin da ya faru, motar tana ta ɗaukar ido a tasha. Ni dariya ma take ba ni, domin mafi yawan lokaci but ɗin a buɗe yake an ɗaure kaya da igiya, fiffiken yana kallon sama. Da damina ta sauka sai ruwa ya sami hanya. Ranar wata kasuwa aka yi ruwa tun daga Kano, wani manomi ya sauke buhun takinsa na zamani ya tarar ruwa ya bi ta bakin ɗinki, rabinsa ya narke ya dunƙule. Lokacin zuba wa masara taki ne, mutumin kuma bashi ya ci ya sayo. Sai da shugabannin tasha suka shiga maganar, Yaya ya biya rabin kuɗin. Da aka ɗaga kafet ɗin but aka ga tsatsa ta riga ta fara cin gefen hujin. Bayan mako biyu igiyar kaya ta tsaga ƙafar fiffiken ɗaya, ya cire shi da kansa, aka toshe hujin da guntayen tsohon tib.

Da na je gida wannan hutun na tarar da shi an gicciya a kan turaku biyu a gindin rumbu, har yanzu jan nan yana sheƙi, fentin dattijo ko ƙwarzane bai yi ba. Kaji uku suna kwana a kai. Baba ya ce ai gara haka, ya koma hannun masu fiffike.