Lambar Sirri Amana Ce: Hukuncin Cire Kuɗin Ɗan'uwa Ba Da Izininsa Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa masu bin wannan zaure, a makon jiya wata dattijuwa ta aiko a kira ni bayan La'asar. Ɗanta yana aiki a Yamai, yana zuba mata kuɗin abinci da magani a asusun banki. Ba ta yi boko ba, ƙafa kuma ba ta kai ta Diffa, sai ta danƙa wa ɗan ƙanenta kati da lambar sirri. Ranar da likita ya rubuta mata magani, aka je aka tarar da jaka 6 a inda take lissafin jaka 300. Ta ce da ni: "Malam, in na nemi kuɗina, na yanke zumunci ke nan?" Ta yarda in kawo maganar nan ba tare da suna ba, don ta san ba ita kaɗai abin ya sama ba.

Tun da aka buɗe sansanin Sayam Forage a ƙarshen 2014, bayan abin da ya auka wa Damasak da garuruwan bakin Komadugu, ajiyar mutane ta canza kama. A da dukiya tana cikin garke, ko buhunan tattasai, ko adakar uwargida, kowa yana ganin abinsa. Yau tana cikin kati da layin waya, ana turo ta ta banki ko ta Nita ko Airtel Money. Bankuna suna Diffa, tafiyar kimanin kilomita 40, don haka tsoho da mara lafiya da mai takaba dole su aiki wani. Ta nan Shaiɗan yake samun ƙofa.

Asalin hukuncin a fili yake. A aya ta 29 ta Suratun Nisa'i Allah ya hana muminai cin dukiyar junansu ta hanyar ɓarna, ya sanya yardar mai dukiya sharaɗi. A aya ta 58 ta wannan sura ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Babu inda aka togace ɗa ko ƙane ko miji. Wanda aka ba kati ya ciro jaka 20, wakili ne a kan jaka 20 ɗin nan kawai. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa wakili amintacce ne matuƙar bai ƙetare iyakar da aka yi masa ba, in ya ƙetare kuwa biya ya hau kansa. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san haka hukuncin yake a kan mai riƙon ajiya. Ballantana wanda ba a aike shi ba, ya leƙi lambar, ya ɗauki wayar da dare.

Masu wannan aiki suna fakewa da hujjoji uku.

Ta farko, aya ta 61 ta Suratun Nur, wadda ta ɗauke laifi ga mutum ya ci a gidajen danginsa, har ta ambaci wanda aka bar wa mabuɗi. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa sahabbai in za su fita yaƙi sukan bar mabuɗan gidajensu a hannun masu uzuri, su yi musu izinin ci, su kuma su ƙi taɓawa saboda tsoron Allah, sai ayar ta sauka. Magana ce ta abincin da al'ada ta nuna mai gida ya yarda a ci. Ba ta halatta a kwashe rumbu ba.

Ta biyu, ƙissar Hindu matar Abu Sufyan, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ta kai kukan rowar mijinta, Annabi (SAW) ya ba ta damar ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Wannan ciyarwa ce da ta wajaba a kan miji ya kuma hana, an kuma iyakance ta da buƙata. A mazhabar Imamu Malik ciyarwa tana wajaba ne ga mata da ƴaƴa da iyaye matalauta. Ƙane da ɗan ƙane da suruki abin da suke da shi kyautatawa ce, kyautatawa kuwa mai ita ne yake miƙo ta da hannunsa.

Ta uku, hadisin da ya jingina ɗa da dukiyarsa ga mahaifinsa. Mafi yawan malamai sun fassara shi da uban da yake cikin buƙata, ya ɗauki gwargwadon buƙatarsa. Ko an faɗaɗa shi, hakki ne na uba a kan ɗa, bai ba ɗa komai a dukiyar iyayensa ba.

Mafi muni shi ne wanda yake rugawa ya kwashe asusun mamaci tun ana zaman makoki. Daga lokacin da rai ya fita wakilci ya ƙare. A yi wa mamaci sutura daga dukiyar, a biya bashinsa, a zartar da wasiyya cikin kashi ɗaya bisa uku, saura na magada ne. In akwai marayu a cikinsu, aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta bayyana cewa wuta mai cin dukiyarsu yake zuba wa cikinsa.

To, wanda abin ya same shi, me zai yi?

Na farko, ya toshe ƙofa a ranar. Ya canza lambar sirri, ya karɓi katinsa, in ya ɓata ya sa a rufe shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: a daina rubuta lamba a bayan kati ko faɗar ta a gaban yara.

Na biyu, ya tabbatar kafin ya tuhumi kowa. Ya nemi banki ya ba shi takardar shige da ficen kuɗi, ya adana saƙonnin waya. Wani lokaci kuɗin hidimar banki ne aka cire, wani lokaci ɗan damfara ne ya kira ya karɓi lambar da wayo. Ɗora wa ɗan'uwa sata ba da hujja ba zalunci ne mai zaman kansa.

Na uku, in ta tabbata, ya kira shi su biyu, ya rufa masa asiri, ya nemi kuɗinsa. In ya ƙi, a sa dattawan dangi, sannan liman ko bulama. In an yi sulhu a kan biya kaɗan-kaɗan, a rubuta adadi da wa'adi, a sa shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Na huɗu, in sulhu ya gagara, kai ƙara gaban hukuma a Diffa halal ne. Amsar da na ba dattijuwar nan ita ce: neman hakki ba yanke zumunci ba ne. Wanda ya ci amana shi ya fara sa wa zumunci wuƙa. Yafewa tana da lada mai girma, amma ta mai dukiya ce. Ba ya halatta dangi su taru a kan tsohuwa ko bazawara su matsa mata har ta ce ta yafe don kunya, domin abin da aka karɓa ta hanyar kunyatarwa bai zama halal ba. In kuma kuɗin marayu ne, mai riƙonsu ba shi da ikon yafe ko dala ɗaya.

Kai kuma da ka ɗauka, ya ɗana, na san yunwa da rashin aiki da suka dabaibaye matasanmu, na san wataƙila ka yi niyyar mayarwa. Niyyar mayarwa ba ta maye gurbin izini. Istigfari kaɗai ba ya sauke hakkin bawa, sai an mayar ko an nemi yafiya. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa a warware irin wannan tun a duniya, kafin ranar da babu kuɗin biya, sai dai a ɗebi ladan mutum a ba wanda ya zalunta. Ka lissafa abin da ka ɗauka, ka fara biya ko da jaka ɗaya a wata. In kunya ta hana ka zuwa, ka same ni bayan Asuba, in shiga tsakani, babu wanda zai ji.

Allah ya tsare mu daga cin amana, ya wadata mu da halal, ya mayar da zaman lafiya a Diffa da Borno baki ɗaya. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.