Ciniki A Cikin Kwali: Nasiha Ga Fatake Da Malamai

Bayan haka, ya kamata jama'a su sani kayan ɗaki na kwali sun yawaita a kasuwa. Kabad da tebur da kantar littattafai, duk ana sayar da su allo-allo, mutum ya haɗa da hannunsa a gida. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya yaɗa wannan dabara tun 1956, domin kaya a shimfiɗe sun fi sauƙin dako, shi ya sa kuɗinsu ya sauka.

Cinikin abin da ke rufe ba baƙo ba ne wurin malamai. Imamu Malik ya halatta sayar da dila bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, muddin kaya sun dace da siffa. Saboda haka wajibi ne falke ya faɗi gaskiya, cewa yawancin allunan nan garin katako ne da aka danne da gam. Ruwa yana kumbura su, nauyin littattafai yana lanƙwasa su. Wanda ya kira su maɗaci ya ci amana.

Mai saye kuwa ya buɗe kwali, ya ƙirga alluna da kusoshi kafin ya biya. In ya haɗa kabad, lalle ya ɗaure shi da bango. A 2016 IKEA ya janye kabad miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo sun kashe yara ƙanana. Araha ba ta hana kiyaye rai.

Allah ya sa a gane. Haza wassalam.