Abin da Kasuwa Ba Ta Sayarwa: Yadda Ya Kamata a Tsara Wurin Aikin Hannu a Gida

Da wuya a sami gidan ma'aikaci a Kano, Kaduna, Zariya ko Abuja da ba shi da wani akwati da aka manta da shi a saman wadirof ko a ƙarƙashin gado. A cikinsa akwai hotunan biki da na suna, katin ɗaurin aure, sakamakon jarabawar yara tun daga firamare, tsohon fasfon aikin hajji, da wasiƙar da mahaifi ya rubuto da hannunsa shekaru 40 da suka wuce. Ba a cika buɗe wannan akwati ba sai an yi rasuwa ana neman hoton mamaci, ko yaro zai cike takardar makaranta. A ranar ne ake tarar da hotuna sun manne wa juna, gara ta cinye gefen takarda, tawada ta dushe. A wata durowar kuma akwai albam sabo fil da aka saya shekara uku da suka gabata da niyyar jera hotunan, ga almakashi, ga gam ya bushe a cikin robarsa.

Wannan ba rashin kula ba ne kaɗai. Aikin da ba shi da mazauni a gida ba ya ƙarewa, domin kowane zama sai an fara da nema kafin a fara da yi. Amma samar da mazauni ba yana nufin sayen akwatunan roba masu kyalli ba. Tsari na gaskiya yana farawa ne daga rarrabe abin da kasuwa ke sayarwa da abin da ba ta sayarwa, sannan a ba na biyun wuri mafi aminci a gidan. Almakashi idan ya ɓata ana sayen wani. Hoton kaka guda ɗaya tak da ya rage a duniya ba shi da madadi.

Darasi daga inda sana'ar ta bunƙasa

Haɗa kundin tuna baya, wato littafin da ake liƙa hotuna da takardu a kuma rubuta labarinsu a gefe, tsohuwar al'ada ce a Turai da Amurka. Marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar mallakar wani irin kundi mai shafuka masu gam a jikinsu a 1873. Sai dai zamansa babbar kasuwa ya faro ne daga jihar Utah, inda mabiya cocin Mormon ke ba binciken salsalar iyali matsayi na addini. A 1980 wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kundayen tarihin iyalinta a wani taron duniya kan adana bayanai a birnin Salt Lake, kuma a shekarar da ta biyo baya ta buɗe shagon sayar da kayan aikin. Kamfanin Creative Memories, wanda aka kafa a 1987, ya yaɗa abin gida-gida ta hanyar tarukan mata. Da hoton waya ya mamaye duniya, kasuwar ta ja baya, har kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2008 da kuma 2013.

Abin lura a wannan tarihi shi ne yadda kayan aiki suka rinjayi aikin. Kasuwa ta cika da takardu masu ado, waɗanda aka fi yankawa inci 12 tsawo da faɗi, da hatimai, da lambobin mannawa, da almakasai masu baki iri-iri. Da kaya suka yi yawa, sai aka shiga sayar da kantoci da durowoyin ajiye su. Hotunan ɗakunan aikin hannu da ke yawo a Pinterest da Instagram, masu bango cike da takardu an jera su launi-launi, 'ya'yan wannan kasuwa ne. Suna da kyau a ido, amma suna koyar da cewa tsari shi ne nuna kayan da aka saya. Wanda ya kwaikwayi wannan a Sakkwato ko Maraɗi zai kashe kuɗi, ƙurar hunturu ta lulluɓe takardunsa, hotunan iyayensa kuma suna nan a saman wadirof yadda suke.

Kashi na farko: abin da ba shi da madadi

Maƙiyan takarda da hoto sanannu ne: zafi, danshi, haske, ƙwari, da sinadarin asid da ke cikin wasu takardu da gam. Masana adana takardu suna ba da shawarar wuri mai sanyi da duhu, inda danshin iska yake tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, ba ya hawa da sauka da yawa. Gidan ƙasar Hausa yana fuskantar akasin haka sau biyu a shekara: bazarar da zafinta kan haura digiri 40, da daminar da ke sa bango gumi da takarda fumfuna.

Idan aka auna da wannan, wurare biyun da aka fi ajiye akwatin tarihi su ne mafi muni. Saman wadirof ya fi ko'ina kusa da rufi, inda zafi ke taruwa. Ƙarƙashin gado kuwa hanyar gara ce da kyankyaso, kuma shi ruwa ke fara riska. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta tuna wa kowa cewa ruwa ba ya sallama kafin ya shiga ɗaki. Wurin da ya dace shi ne kanta ko kabad mai ƙofa a jikin bangon tsakiyar gida, ba wanda rana ke duka ko wanda ke maƙwabtaka da banɗaki ba, a tsayin ƙugu zuwa ƙirji.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Salatif yana komawa ruwan ɗorawa, ya bar tabon da ba ya fita. Albam mai shafuka masu danƙo da leda a sama, irin wanda ya cika gidaje a shekarun 1970 da 1980, yana riƙe hoto har a kasa cire shi ba tare da ya yage ba. Leda mai kauri mai warin sabuwar roba tana fitar da sinadarin da ke lalata hoto. Ledar da ta dace ita ce ta foliyesta ko folifirofilin, wadda ba ta da wari. Allurar sitefula tana tsatsa, robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Guntun jarida yana rinewa da wuri saboda sinadarin itace da ke cikin takardarsa, kuma yana rina duk abin da ya jingina da shi, don haka a ware shi a ambulan nasa. Mafi yaɗuwa a Najeriya shi ne rufe takardar shaida da leda ta hanyar injin zafi. Ana yin haka don kariya, amma aiki ne da ba a warware shi. Idan ledar ta fara ɓanɓarewa, da rubutun take tafiya. Gara a saka asalin takardar a aljihun leda da ake iya zarewa, a rufe kwafinta idan ana so.

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a sami misalin adana mai kyau. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna ajiye rubutattun littattafai warƙa-warƙa, ba ɗinki ba gam, a tsakanin bango biyu masu ƙarfi, a ɗaure, a saka a gafaka ta fata, a rataye ko a ɗora a sama da ƙasa. Ƙa'idodi huɗu ne a ciki: kada a manna, kada a ajiye a ƙasa, kada rana ta gani, kuma kowa a gidan ya san inda take. Mai haɗa kundin iyali zai iya bin wannan sawu: ya riƙe hoto da 'yan kusurwoyin takarda maimakon shafa masa gam a baya, ko ya wanke kwafi ya liƙa a kundi, asalin ya zauna a ma'ajiyarsa.

Kashi na biyu: kayan aiki

Sauran kaya, wato almakashi, reza, rula, fensir, gam, zare da takardun ado, ana tsara su ne bisa tafiyar hannu, ba bisa kyan gani ba. Duk wanda ya tsaya ya kalli baduku a Kasuwar Kurmi ko tela a shagonsa zai ga haka: abin da yake ɗauka kowane minti yana gefen hannunsa, abin da yake buƙata sau ɗaya a rana yana bayansa, na sau ɗaya a wata yana cikin buhu. Ba ya ɗaga kai ya nemi basilla. Wannan rabon gida uku ya ishi kowace kusurwar aikin hannu, ko ta kundin hotuna ce, ko ta ɗinkin hula, ko ta saƙa.

Gwangwanin madara da aka wanke ya isa ya riƙe almakashi da fensir a tsaye. Takarda tana son kwanciya a shimfiɗe cikin kwali mai murfi ko fayil, domin idan aka jingina ta a tsaye ba mataimaki sai ta lanƙwashe. Ƙananan abubuwa su shiga kwalba ko roba mai nuna abin da ke ciki, kuma kowane mazubi ya kasance da murfi. Buɗaɗɗiyar kanta adon ƙasashen da ba su san hunturu ba ne. Gam a sayi ƙarami, tunda babba bushewa yake yi kafin a kai rabinsa. Reza da almakashi su hau inda hannun yaro ba ya kaiwa. Tebur ya kusanci taga saboda hasken rana, a kuma tanadi fitila mai caji don daren da aka ɗauke wuta.

Abu mafi amfani a duk kayan nan shi ne tire babba guda ɗaya. A kansa ake barin aikin da ake ciki: shafin da aka fara, hotunansa, da kayan da yake buƙata. Idan baƙi sun zo ko lokacin girki ya yi, a rufe shi da kyalle a ɗora a kanta; gobe a sauke a ci gaba daga inda aka tsaya. Mai minti 20 bayan sallar isha zai iya gama shafi idan ba sai ya yi minti 15 yana nema ba. Sai a ƙara da doka guda: ba za a sayi sabon kaya ba sai an kammala aikin da ke kan tire.

Uzurori uku

Na farko shi ne ƙarancin wuri. Gaskiya ne mai ɗaki biyu da yara huɗu a gidan haya ba shi da ɗakin da zai keɓe. Amma abin da aka lissafa bai wuce kanta ɗaya, kwali biyu da tire ba. Gidaje da yawa sun ba kayan jere, kwanuka da tangaran da ba a ci abinci a cikinsu ba tun ranar tarewa, kabad guda cur mai gilashi a falo. Gidan da ya sami wannan wuri don abin da za a iya saya gobe a kasuwa bai rasa wuri ba. Zaɓi ya yi. Faɗar haka ba raina jere ba ne, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu shi ne waya. Ana cewa komai yana cikinta. To amma waya tana ɓata, ana sace ta, tana faɗawa ruwa, kuma hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba yana rage inganci. Ya kamata a ɗauki hoton kowace tsohuwar takarda a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a raba wa 'yan uwa. Sai dai hoto dubu goma marasa suna ba tarihi ba ne, tarin fuskoki ne. Kundi yana tilasta zaɓi da bayani: wane ne wannan, a ina, a wace shekara.

Na uku shi ne kallon abin a matsayin shagalar matan Turawa. Al'ummar da ke haddace salsala, take kirari da sunayen kakanni, ba ta buƙatar wani ya koya mata darajar tuna baya. Abin da ya sauya shi ne gidan gandu ya watse. Jikoki suna Legas, Yamai, Jidda da Landan, kuma tsohuwar da ta san kowa a cikin hoto ba ta tare da su a tsakar gida kullum. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna suna adana takardun hukuma da na manyan mutane. Tarihin malamin firamare, unguwarzoma ko direban jirgin ƙasa ba shi da ma'adana sai gidan 'ya'yansa.

Saboda haka aikin farko ba na kasuwa ba ne. A sauko da akwatin ranar Asabar, a shimfiɗa tabarma, a kasa abin da ke ciki gida uku: wanda ba shi da madadi, kayan aiki, da shara. Na farko ya koma kanta mai ƙofa a ranar, ko da a cikin ambulan ne kawai. Sannan a ɗauki hotuna goma mafi tsufa da fensir mai taushi, ba biro ba, domin tawadarsa tana ratsa takarda, a nufi wurin wanda ya fi kowa shekaru a dangi. A zauna a gabansa a tambaya, a rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto. Takardar ado da almakashi mai baki suna nan a shago har baɗi. Wanda ya san sunan matar da ke tsaye a bayan amarya a hoton 1968 shi ne ba a da tabbacin samunsa.