Raddi Ga Mai Cewa Bashin Karatu A Amurka Sai Kabari

Wata maƙala ta faɗo hannuna kwanan baya, inda marubucin ya yanke hukunci cewa bashin karatu a Amurka ba ya sauka daga wuyan mutum ko da kotu ta tabbatar arzikinsa ya karye, wai sai dai a binne shi da shi. Ya kuma ce haka ya dace. Malamin ya yi ƙoƙari, amma a tsakiya ya tsinci zancen.

A fara bambancewa. A fiƙihunmu, alƙali kan sayar da dukiyar muflisi ya raba wa masu bin sa, abin da ya rage yana nan a wuyansa har ya samu hali. Dokar Amurka ta wuce nan, domin kotu tana iya shafe ragowar gaba ɗaya. Gardamarmu ita ce ko bashin karatu yana cikin abin da ake shafewa.

Ya ce doka ta haramta. Ba haka nassin yake ba. Sashe na 523(a)(8) na dokar karayar arziki ya ware bashin karatu daga sauran basussuka, amma da togaciya: sai idan biyansa zai jefa mutum da iyalinsa cikin ƙuncin da ya wuce kima. Kafin 1976 ma babu wannan wariyar. A shekarar ne majalisa ta ce sai an yi shekara biyar ana cikin wa'adin biya kafin a shafe shi, a 1990 aka mayar bakwai, a 1998 aka cire wa'adin ɗungurungum, a 2005 kuma aka jawo bashin bankuna masu zaman kansu cikin ƙangin. An yi ta tsuke ƙofar, amma togaciyar ƙunci tana nan daram. Batun kabari kuwa, bashin gwamnatin tarayya yana faɗuwa da mutuwar ɗalibi, haka ma idan ya nakasa nakasa ta dindindin.

Ya ce, to ai a aikace ba mai cin nasara. Nan zan daɗe, don nan ne maganarsa ta fi ɓarna. Yawancin kotuna suna bin ma'aunin da aka kafa a shari'ar Brunner ta 1987. Marie Brunner ta gama digiri na biyu, ba ta cika shekara ba ta nemi a shafe mata kusan dala 9,000, lafiyarta ƙalau, ba ta da wanda take ciyarwa, ba ta ma nemi a ɗage mata biya ba. Kotu ta ƙi, ta gindaya sharuɗɗa uku: cewa idan mutum ya biya ba zai iya riƙe kansa ko da rayuwar rufin asiri ba, cewa halin zai daɗe, cewa ya yi iya ƙoƙarinsa na biya da zuciya ɗaya. Sharuɗɗan da aka yi wa mai gaggawa su aka riƙa ɗora wa tsofaffi da marasa lafiya, wannan na yarda da shi.

Sai dai wani masanin shari'a, Jason Iuliano, ya bi takardun kotuna ya wallafa sakamako a 2012. Cikin masu bashin karatu da suka shiga kotun karayar arziki, kusan mutum ɗaya cikin dubu ne ya nemi a shafe masa. Cikin waɗanda suka nema, kusan kashi 40 cikin ɗari sun samu, wasu duka, wasu wani ɓangare. Bashin ba ya sauka da kansa, sai mutum ya buɗe ƙara ta daban a cikin shari'arsa, lauyoyi kuwa sun saba cewa kada a ɓata kuɗi. Wanda bai je kokawa ba ai ba za a ce an kayar da shi ba. A Janairun 2020 mai shari'a Cecelia Morris ta New York ta shafe wa wani tsohon sojan ruwa sama da dala 220,000, ta kuma soki yadda aka mayar da ma'aunin Brunner dodo. Kotun sama ta mayar da shari'ar baya daga bisani, kada a ce na ɓoye.

A Nuwamban 2022 Ma'aikatar Shari'a da ta Ilimi suka fito da fom na rantsuwa ga masu bashin gwamnati. Mutum zai zauna ya rubuta albashinsa, kuɗin haya, cefane, magani, man mota, a gwada da mizanin hukumar haraji. Idan ya kai shekara 65, ko yana da nakasa, ko ya yi shekara biyar cikin goma ba aiki, ko bai samu digirin da ya ci bashin dominsa ba, ana ɗauka halinsa ba zai gyaru nan kusa ba. Lauyan gwamnati kan iya goya masa baya a gaban alƙali. Malaminmu bai ko ambaci wannan ba.

Ya ce bashin banki da na gwamnati duk kanwar ja ce. A 2021, a shari'ar Homaidan da kamfanin Navient, kotun ɗaukaka ƙara ta nuna cewa ba kowane rancen banki da aka laƙa wa sunan karatu ne doka ta kare ba. Wannan ya shafe mu, don ɗalibi baƙo ba ya samun bashin gwamnatin tarayya, na banki yake ci, galibi sai wani mazaunin ƙasar ya tsaya masa. Wanda ya tsaya ɗin ya sani, shafe wa ɗalibi ba ya wanke shi.

Ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023. Wancan a kan yafiyar jumla ce ta bashin karatu da tsohon Shugaba Biden ya so yi, ko kusa bai taɓa dokar karayar arziki ba.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce, in an sassauta, likitoci da lauyoyi za su karɓi digiri su ruga kotu. Da wannan tsoron aka yi dokar 1976, alhali binciken ofishin bin diddigin kuɗi na majalisar a lokacin ya nuna bashin da aka shafe bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya ci bashin kati ya yi ta bushasha ana shafe masa ba tare da ya buɗe ƙara ta biyu ba. Wanda ya ci don ya shiga aji, shi ne sai ya nemo kuɗin lauya ya je ya tabbatar wa kotu ba shi da kuɗi.